Ranar Da Labarin Hanya Bai Zo Ba

Baba Na-Tsira ya buga wayar a tafin hannunsa, ya kara ta a kunne, ya sake bugawa. Shiru. Ya ɗaga ta wajen hasken taga yana juya ta kamar mai duba lafiyar ƙwai.

"Wa ya taɓa mini waya?"

Surukarsa, matar ɗansa marigayi, tana tsugune a bakin ƙofa tana ɗaura wa ƙaramar 'yarta igiyar takalmin makaranta. Ba ta ɗago ba.

"Baba, wa zai taɓa? Ko barci kake tana ƙarƙashin filonka."

"To jiya ba ta yi magana ba. Yau ma ga rana ta fito, ba ta yi ba."

Hannun surukar ya tsaya a kan igiyar. Ta san maganar da yake nufi, duk gidan an sani, domin ta bango ake jin ta kullum safiya.

Ba a banza ake ce masa Na-Tsira ba. Mutum ne da ya tsufa a kan sitiyarin babbar mota. Birki ya taɓa tsinke masa a gangare da lodin siminti, ya tsira. 'Yan fashi sun tare shi, ya tsira. Gada ta karye da shi a tsakiyar ambaliya, ya fito yana tofar da ruwa yana tambayar ina hularsa. Ko baƙi ɗaya bai sani ba, bai taɓa zama a aji ba, amma da wannan sitiyarin ya yi wa ɗansa karatu har yaron ya hau bene, ya zauna a ofis mai sanyi a kamfanin sufurin da uban ya yi wa tuƙi. Tun yaron yana kwakkwance rediyon gida ya kasa mayarwa uban ke kiransa Injiniya, har ya zama injiniyan gaske.

Injiniya ne ya haɗa wa kamfanin wani abu da ke kiran direbobi kowace safiya ya gaya musu inda za a yi ruwa da inda kogi ke cika. Wayar da aka fara gwadawa a duniya kuwa ta Baba ce. Sai ta yi ƙara, ya danna koren maɓalli, ya ji muryar ɗansa: "Baba, ka tashi lafiya? Ga labarin hanya." Daga nan wata muryar inji ta karɓa ta yi ta karanto garuruwa.

Da bazara wani ɗan gajeren ciwo ya ɗauke Injiniya. Baba bai yi kuka ba, kuma ya tabbatar kowa ya ga bai yi ba. Washegarin binnewa wayar ta yi ƙara a lokacinta. Abin da ya faru a ɗakin ranar ba wanda ya gani. Abin da aka sani kawai, tun daga nan kullum ana jiyo tsohon ta bango yana amsawa, "Lafiya lau, Injiniya."

"Ko mu kai wa mai gyara?" in ji surukar a hankali.

"Mai gyara me ya sani? Wayata lafiyarta ƙalau. Can sama aka yi ɓarna. Miƙo mini sandata."

A motar haya kwandasta ya ce masa ya matsa, ya ce shi bai matsa wa tirela ba balle ɗan kwandasta. Aka yi dariya, shi bai yi ba. Hannunsa na dama yana kan aljihun ƙirjin rigarsa ta ciki, inda wani abu mai ɗan nauyi ke kwance.

A harabar kamfanin manyan motoci sun yi layi, an ɗaure tamfol, ba wadda ta tashi. Direbobi sun taru a inuwar gareji suna ƙorafi. Shugaban makanikai, wanda a hannun Baba ya koyi canza taya, ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu.

"A'a! Na-Tsira da kansa! Zo ka ba yaran nan labarin gada, ko sa daina kuka. Manaja ya hana bin hanyar kogi sai labarin hanya ya dawo."

"Mu da muka yi tuƙi da hanci muke jin ruwa. Ku kuwa sai an kira ku a waya. Bari in sauko, zan ba ku gada har da ƙari."

Ya hau benen yana hutawa a kowace kwana, yana yi kamar allon sanarwa yake kallo. A ƙarshen baranda ga ofishin. Teburin Injiniya yana nan a gefen taga, an ɗora masa kwalayen takardu. A ɗaya teburin wata mace mai gilashi ta dafe kai da hannu biyu a gaban kwamfuta. Abokiyar aikin ɗansa ce, ya gan ta ranar gaisuwa. Tana ganinsa ta miƙe.

"Baba! Sannu da zuwa. Da kanka? Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba, 'yata. Wa ya kashe mini yaro a waya?"

 Ta jawo kujerar kusa da tata, ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Ya zauna, don gwiwarsa ta riga ta yanke hukunci.

A fuskar akwai 'yan akwatuna da aka haɗa da zare. Zaren farko ja ne.

"Baba, ka ga wannan na tsakiya? Ita ce manhajarmu ta haɗa bayanai. Ba a nan ofis take zaune ba, tana cikin manyan kwamfutocin haya a wata ƙasa, abin da muke ce wa gajimare. Ɗauke ta kamar mota. Kullum da sassafe sai ta tafi wannan akwatin na farko, wato kamfanin hasashen yanayi da ke intanet, ta ɗauko bayanai, ta tace, ta raba wa wayoyin direbobi. Amma kafin a ba ta kaya sai ta nuna makulli a ƙofa."

"Shinge ke nan. Na san shinge."

"Yauwa. To sun canza ƙa'ida, duk tsofaffin makullai sun mutu. Motarmu tana zuwa ana koro ta. Sabon makulli kuma..."

"Koro ta! Ni shinge bai taɓa koro ni ba. Ranar da gada ta karye, sojan da ke bakin hanya cewa ya yi in juya. Na ce masa, yaro, kogin nan ya san ni. Ina hawa, sai na ji ƙarfe yana kuka a ƙarƙashina kamar akuya. Ruwa ya shigo ta gilashi, na ce wa yaron motata, riƙe wuyana..."

"Baba."

"...ya riƙe, na tattare numfashi..."

"Baba, don Allah." Ta cire gilashinta. Idanunta sun yi ja. "Sabon makulli ba ya fitowa sai an shiga asusun da aka buɗe a wajensu. Da lambar wayarsa Injiniya ya buɗe. In na nemi shiga, sai su tura lambobin sirri can. Wayar a kashe take. Na tambayi matarsa, ta ce tun a asibiti ta ɓace. Na rubuta wa kamfanin, sun ce in kawo takardu in jira. Direbobi kuma ga su can a ƙasa."

Baba ya dubi teburin da ke gefen taga. Ya dubi fanka. Ya yi gyaran murya.

"Ɓacewa kuma? Abin Injiniya ba ya ɓacewa ina raye."

Ya cusa hannu cikin rigarsa, ya fito da wayar Injiniya a naɗe cikin hankici. Shi ya ɗauke ta daga gefen gadon asibiti ranar, ya kashe ta da hannunsa, bai gaya wa kowa ba. Ya ajiye a kan tebur, amma bai ɗauke yatsunsa daga kanta ba.

 Mai gilashi ta jawo caja daga aljihun tebur ta miƙa masa bakin, shi ya soka da kansa. Suka zauna suna kallon baƙin gilashin. Daga ƙasa ana jiyo wani yana buga ƙarfe.

"Sai an kunna?" in ji shi.

"Sai an kunna, Baba."

"To me? Ni da na taɓa fito da hannuna daga bakin injin yana aiki."

Ya danna. Wayar ta yi haske. Hoton da ke fuskarta tsohuwar motarsa ce, shi a tsaye a gabanta ya dafa fitila, ya ture hula gefe. Sai ta fara rawa a hannunsa. Saƙonnin da suka taru tun bazara suka yi ta shigowa, ɗaya na korar ɗaya, tana kaɗawa tana tsayawa tana sake kaɗawa, kamar ɗan tsuntsun da aka dafe a tafi. Ya riƙe ta gam. Mai gilashi ta ga suna ɗaya, na Baba, yana ta maimaituwa a jerin waɗanda suka kira ba su samu ba, ta kawar da kai ta dubi kwamfutarta.

"Me suke cewa?"

"Gaisuwa ce, Baba. Mutane ne."

Ta danna wani abu a nata ɓangaren. Wayar ta sake kaɗawa sau ɗaya, lambobin suka fito a saman fuskar. Ta karanta tana bugawa. Shafin kamfanin hasashen ya buɗe. Ta nemi sabon makulli, wani dogon layi na baƙaƙe da lambobi da ba mai iya haddacewa, ta kwafe shi ta kai cikin manhajar, ta gyara adireshin da motar za ta riƙa zuwa, domin ƙofar ma sun matsar da ita. Ta danna gwaji. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa.

Ja.

"Ya ƙi?"

"Tsaya, Baba. Sun canza sunan wasu kayan. Inda da suke rubuta yawan ruwa, yanzu wani suna suke sa masa, motarmu ba ta gane shi ba." Ta ja zare daga nan zuwa can, ta daidaita, ta sake dannawa.

Zaren ya koma kore.

Kafin ta yi magana, aljihun Baba ya ɗauki ƙara. Ta manta cewa gwaji lamba ɗaya yake kira, ta Baba. Tsohon ya laluba ya fito da tasa wayar, yatsansa ya kuskure koren ya sake nema. Rana tsaka, a ofis, a gaban 'yar mutane, murya ta cika ɗakin.

"Baba, ka tashi lafiya? Ga labarin hanya."

"Lafiya lau, Injiniya," in ji shi, kafin ya tuna ba shi kaɗai ba ne.

Muryar inji ta karɓa. Ruwa mai ƙarfi da yamma a hanyar kogi, a bi ta tudu. Mai gilashi ta saki saƙon ga kowa. Jim kaɗan wayoyi suka fara ƙara a ƙasa, wani ya yi ihu, injin farko ya tashi.

Baba ya goge fuska da hankicin da ya naɗo wayar. "Fankar nan taku tana zuba wa mutum ƙura a ido."

"Haka take, Baba." Ta nuna wani ɗan akwati da ke rataye shi kaɗai a ƙasan sauran. "Ka ga naka nan. Na gwaji ne, a ƙa'ida in an gama aiki cirewa ake yi. Shi bai cire ba, ni ma ba zan cire ba." Ta buɗe shi don ta tabbatar komai na nan, sai ta ɗan matso da fuska. "Ashe faifan muryar yana da tsawo. Ɗan guntun ƙarshe kawai ya sa ta riƙa kunnawa."

Tsohon ya miƙe zaune. "Tsawo? Kamar yaya?"

Ta nuna masa layin da yatsa, daga wannan gefen fuskar har wancan. Guntun da yake ji kullum bai kai faɗin farce ba.

"Duk wannan muryarsa ce?"

"Ban taɓa saurara ba."

"Kunna. Kunna duka, 'yata. Ƙara sauti."

Da farko ƙarar cokali ce a cikin kofin shayi, da kukan ƙofar ɗakin Baba da tsohon ya ƙi sa wa mai. Ya gane ɗakin nan take. Sai Injiniya, kusa sosai, kamar yana gefen kunnensa:

"Baba, ɗan saurara kaɗan, zan ɗauki murya."

"Murya?" in ji wata murya mai kauri daga cikin kwamfutar. "Wace murya za ka ɗauka da ta wuce tawa? Ni da na yi wa soja tsawa a bakin gada! Na ce masa, yaro, kogin nan ya san ni."

"Na sani, Baba. Minti ɗaya kawai."

"Ina hawa, sai na ji ƙarfe yana kuka a ƙarƙashina kamar akuya."

Injiniya ya yi dariya, irin dariyarsa ta hanci da ya gado wajen uwarsa. Baba na kan kujera ya miƙa wuya, amma Baba na cikin kwamfuta ya riga ya hau kan dariyar ya wuce. Ruwa ya shigo ta gilashi. Yaron mota ya riƙe wuya. Aka nutse, aka taso, aka nemi hula. 'Yar alamar da ke tafiya a kan layin ta wuce rabi.

"Baba," in ji Injiniya, muryarsa ta ɗan sauka, "in ka gama akwai maganar da nake so mu yi."

"To, to, bari in kai ƙarshe. Ai ba ka ji na birki ba."

Aka shiga na birki. Gangare, siminti, mata masu tallan bakin hanya suna watsewa. Mai gilashi ta kai hannu za ta tsayar, tsohon ya ɗaga mata yatsa. Ya saurari kansa har ƙasan gangaren. Can dab da ƙarshen layin mai labarin ya tsaya ya kurɓi shayi, ana jin kurɓar. A cikin wannan 'yar tazarar Injiniya ya yi sauri ya ce, "Baba, ka tashi lafiya? Ga labarin hanya." Faifan ya ƙare.

A ƙasa motoci suna fita ɗaya bayan ɗaya, tagar tana ɗan girgiza.

"Wace magana ce?" in ji Baba.

"Ban sani ba, Baba."

"Bai taɓa gaya miki ba? Ku da kuke wuni tare?"

"Wallahi bai gaya mini ba. Wataƙila ba wani abu ba ne. Wataƙila ma kun yi ta daga baya."

Ya shiga lalube a ransa. Ya tuna shayin, ya tuna rigar da yaron ya sa, ya tuna har inda ya tsaya a labarin birki. Bayan nan ba komai. Ko maganar rufin ɗaki ce da ke yoyo, ko ta makarantar yara, ko ciwon ne tun lokacin ya fara taɓa shi. Mutumin da ke iya lissafa kowane rami a hanyar kogi ya nema ya rasa.

"'Yata, wannan na'urar taku tana iya cire murya?"

"Tana iya yankewa."

"Cire tsohon nan. Bar mini yaron."

Ta yi aikin a hankali, tana yanka tana matsowa da guntaye. Da ta gama, abin da ya rage bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta kunna. Ɗan saurara kaɗan. Na sani, Baba. Dariyar, da ɗan kaurin wata murya a bayanta da ya ƙi fita. Akwai maganar da nake so mu yi. Sai gaisuwar.

"In sa duka ya riƙa zuwa da safe?"



"Sa dariyar. Waccan maganar bar ta a nan wajenki. Ba zan iya tashi da ita kullum ba."

Ta sa. Ta ce masa ta mayar da asusun kan lambar kamfani, ba za a sake bukatar wayar Injiniya ba, ko ta kashe masa? Ya ce a'a, a bar ta a kunne, surukarsa zai kai wa, akwai hotunan yara a ciki. Ya naɗe ta a hankici. Ta raka shi har bakin bene, ya ce ta koma, shi bene bai taɓa kayar da shi ba, sannan ya kama ƙarfen da hannu biyu.

Harabar ta yi fili, sai tabon baƙin mai inda motoci suka kwana. Shugaban makanikai da mutanensa suna zaune a inuwa suna wanke hannu da fetur.

"Na-Tsira! An ce kai ka gyara! Wallahi tsohon nan ba dama. To zo ka cika alkawari. Gada, har da ƙari."

Wani ya mirgino masa tsohuwar taya. Baba ya zauna a kai, ya jingine sandarsa, ya dubi fuskokinsu. Sun gyara zama, wasu har sun fara murmushi tun kafin a kai ga akuya.

"Kai," ya ce wa shugaban makanikan, "Injiniya yana saukowa nan wajenku?"

"Kullum. Nan yake shan shayinsa, a kan tayar nan da kake."

"Yana magana?"

"Injiniya? Ai in ya fara ba ya tsayawa."

Baba ya dube shi kamar an ce masa kogi ya koma gudu sama.

"Me yake cewa?"

Makanikin ya yi dariya, ya jira tsohon ya karɓe zancen kamar yadda ya saba. Ba a karɓa ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa, yana neman ta inda zai fara. Baba Na-Tsira ya ɗora hannu biyu a kan gwiwa, ya rufe bakinsa, yana jira.